Ƙasar da Aka Ci da Bindiga: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙin Amincewa da Mamaya

Duk ranar da rediyo ya ce wata ƙasa ta ƙi amincewa da haɗe wani yanki da maƙwabciyarta ta yi, sai gardama ta kaure a majalisarmu ta shayi a nan Injamena. Wani ya ce surutu ne kawai, tunda mai bindiga yana zaune a wurin kuma ba shi da niyyar tashi. Wani ya ce munafurcin manyan ƙasashe ne. Ni kuwa ina ganin mu mutanen Cadi da arewacin Kamaru bai kamata mu raina wannan magana ba ko kaɗan, don a ƙasarmu aka gwada ta, kuma mun ga inda ta kai. Tambayoyin nan su ne na fi ji daga bakin dattawa da samari, sai na tattara su wuri guda.

Me ake nufi da ƙin amincewa? Ai yankin yana hannunsu, an amince ko ba a amince ba.

Riƙo daban, mallaka daban. Wanda ya shigo da tankokin yaƙi ya kafa tutarsa yana da riƙo, ba mai musun wannan. Mallaka kuwa ba ta tabbata sai sauran ƙasashe sun yarda wurin nasa ne: su zana shi cikin taswirarsa, su karɓi takardun da ya buga a can, su yi ciniki da shi kan arzikin wurin, su daina kiransa ɗan mamaya. Ƙin amincewa shi ne a hana shi wannan na biyun. Ƙasa ta fito fili ta ce, mun ga sojojinka, amma a wurinmu ƙasar ta mai ita ce, kuma duk dokar da ka kafa don haɗe ta da taka kamar ba a yi ba ne.

Wanda ya ƙwaci babur yana hawansa, yana zuba masa mai, wataƙila har ya sake masa fenti. Amma takardun suna aljihun mai shi. Ba zai sayar da shi da daraja ba, kuma duk shingen jandarma da ya hango sai gabansa ya faɗi.

In mutum ya daɗe a wuri ba ya zama nasa? Ai ko a shari'a akwai hauzi.

Wani dattijo mai sayar da goro ne ya yi mini wannan tambaya, kuma ita ce ta fi taɓo gundarin maganar. Gaskiya ne, Baba, akwai hauzi. Malaman Malikiyya sun ce idan wanda ba dangi ba ya riƙe fili shekara 10 yana gini yana rushewa, mai filin yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya zo daga baya alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Sai dai a duba sharuɗɗan. Sai mai abu ya yi shiru, kuma ba tsoro ne ya rufe masa baki ba. In kuwa an san yadda mutum ya shiga wurin tun farko, aro ne ko haya ko ƙwace, daɗewa ba ta wanke shi. Kowa kuma ya san hadisin da ke cewa wanda ya zalunci wani ko da taƙi ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi a wuya daga ƙassai bakwai.

Dokar ƙasa da ƙasa ta zo kusa da wannan. Ƙasa tana iya rasa yanki idan wata ta daɗe tana mulkinsa a fili, cikin lumana, ita kuma ta yi gum. Shi ya sa ma'aikatun harkokin waje ba sa gajiya da aika takardar ƙorafi, bana a aika, baɗi a sake aikawa, kalmomin ma kusan iri ɗaya. Mai sauraron rediyo yana jin kamar maimaici ne mara amfani. A gaban alƙali kuwa, waɗannan takardun su ne shaidar cewa mai gona bai taɓa yin shiru ba.

Da can ai ƙarfi ne ke ba da ƙasa. Yaushe abin ya sauya?

Haka ne. Rabe ya ci Barno a 1893 da bakin bindiga, ya zauna a Dikwa, ba inda aka kai ƙara. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900, su ma da bakin bindiga, kwamandansu Lami ya mutu a wannan faɗan, aka laƙaba wa garin nan namu, Injamena, sunansa har zuwa 1973. Jamusawa suka ci Garwa a 1901, Marwa a 1902. A dokar Turawa ta wancan zamani, cin ƙasa da yaƙi hanya ce ta mallaka kamar saye ko gado.

Ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta fara sauya tunani. A 1928 ƙasashe suka sa hannu a Faris cewa sun bar yaƙi a matsayin hanyar biyan buƙata. Ba a daɗe ba aka gwada su. A Satumban 1931 Japan ta afka wa yankin Manchuriya na ƙasar Sin. Ran 7 ga Janairu 1932 sakataren harkokin wajen Amurka, Henry Stimson, ya aika wa Japan da Sin takarda cewa Amurka ba za ta amince da duk wani sauyi da aka samar ta hanyar keta wancan alkawari ba. A watan Maris tsohuwar majalisar ƙasashe mai zama a Janiba ta ɗauki wannan matsayi. Japan ba ta janye ba, sai ma ta fice daga majalisar a 1933. Amma ƙasar bogi da ta kafa a can, Manchukuo, ba ta taɓa samun karɓuwa a wurin yawancin duniya ba, kuma a 1945 ta watse.

Gwaji na biyu a nahiyarmu aka yi shi, kuma an ji kunya. Italiya ta mamaye Habasha a 1935, har da iskar guba, ta shiga Addis Ababa a Mayun 1936. Sarki Haile Selassie ya je Janiba da kansa ya kai kuka. A 1938 Ingila da Faransa suka amince da mulkin Italiya a kan Habasha, don neman shiri da shugabanta Mussolini. Shirin bai samu ba, shekara biyu bayan haka yana yaƙi da su. Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su taɓa amincewa ba, sarkin kuma ya koma gadonsa a 1941.

Bayan wannan darasi aka rubuta a kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 cewa haramun ne amfani da ƙarfi a kan iyakokin wata ƙasa. Ƙuduri mai lamba 242 na Kwamitin Sulhu a 1967 ya ce ba a samun ƙasa ta hanyar yaƙi. A 1970 Babban Zauren Majalisar ya fayyace cewa duk yankin da aka samu da ƙarfi ko da barazana ba za a amince da halaccinsa ba. Abin da ya fara a matsayin ra'ayin ƙasa ɗaya sai ya zama wajibi a kan kowa.

Ka ce an gwada a Cadi. Ina ne?

A Awuzu, wanda taswirar Faransanci ke rubutawa Aouzou. Zirin hamada ne da duwatsu a can ƙuryar arewa, a kan iyakarmu da Libiya, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 114,000, mazaunansa Tubawa. Yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba. Duk da haka wanda ya yi wayo kafin 1994 ya tashi da sunan a kunnensa.

Asalin rigimar takarda ce da ba ta cika ba. A Janairun 1935 Faransa, ta hannun Pierre Laval, ta yi wa Mussolini alkawarin wannan zirin, lokacin Libiya na hannun Italiya. Ba a taɓa musayar takardun tabbatarwa ba, Italiya da kanta ta yi watsi da yarjejeniyar a 1938. Daga baya, ran 10 ga Agusta 1955, Libiya mai 'yancin kanta ta sa hannu da Faransa a kan yarjejeniyar abota da maƙwabtaka, wadda ta lissafa tsofaffin takardun da suka shata iyaka. Ta 1935 ba ta cikin jerin.

A 1973, Cadi na fama da tawaye a arewa, sojojin Gaddafi suka shiga Awuzu. Suka kafa sansani, suka raba wa mutane katin zama ɗan Libiya, suka buga taswira da zirin a cikin ƙasarsu. Ana ta raɗe-raɗin akwai yuraniyom a ƙarƙashin duwatsun. A lokacin Cadi ba ta da ƙarfin ko tunkarar wurin. Abin da take da shi baki ne, kuma ta yi amfani da shi. Gwamnatin Janar Malloum ta kai ƙara taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Libreville a 1977, aka kafa kwamiti. Ta kai Kwamitin Sulhu a 1978. Da Gaddafi da shugaban Cadi na lokacin, Goukouni Weddeye, suka sanar da shirin haɗe ƙasashen biyu a Janairun 1981, shugabannin Afirka suka ƙi. Gwamnatin Hissène Habré ta sake kai ƙara a 1983. Gwamnatoci sun yi ta faɗuwa a Injamena, waɗanda suka hau suna kiran waɗanda suka sauka maciya amana, amma duniya ba ta taɓa sauya taswira ta ba Libiya Awuzu ba.

Ran 31 ga Agusta 1989 aka yi yarjejeniya a Aljiyas cewa in sulhu ya gagara cikin shekara guda a tafi Kotun Duniya da ke Heg. Aka tafi. Libiya ba Awuzu kaɗai ta nema a can ba, ta miƙa hannu har kudu da Faya. Ran 3 ga Fabrairu 1994 kotu ta yanke hukunci da alƙalai 16, ɗaya ya saɓa, shi ne wanda Libiya ta zaɓa. Ta ce yarjejeniyar 1955 ta riga ta shata iyaka. Ko da an ƙulla ta ne na shekara 20, iyaka in an shata ta tana nan, ko wa'adin takardar ya ƙare. Kotu ta kuma lura cewa Cadi ba ta taɓa sauya magana kan inda iyakarta take ba. Shekaru 21 na sojoji da tuta da katin ɗan ƙasa ba su ƙara wa Libiya ko ƙwayar gero a ma'auni ba. A Afrilu aka tsara janyewa a garin Sirte, Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo 'yan sa ido, kafin watan Mayu ya ƙare sojan Libiya na ƙarshe ya fita.

Amma ba motocin Toyota ne suka dawo da Awuzu ba?

Tsofaffin sojoji sukan yi mini wannan tambaya da zafi, kuma suna da haƙƙin yi, don abokansu suna kwance a can. Ba wanda zai rage darajar 1987, shekarar da sojojinmu suka fafata da na Libiya a cikin motocin Toyota. A Janairu aka ci Fada, a Maris aka ci Wadi Dum, ƙarƙashin kwamanda Hassan Djamous. Ba don wannan ba, da Gaddafi bai ga dalilin zama teburin sulhu ba.

Sai dai a tuna yadda aka ƙare. Sojojinmu sun shiga garin Awuzu ran 8 ga Agusta 1987, kafin watan ya ƙare Libiya ta sake ƙwace shi da ruwan bama-bamai. A Satumba aka kai hari har cikin Libiya, a sansanin Matan as-Sarra, sannan aka tsagaita wuta ran 11 ga wata, Awuzu kuwa tana hannun Libiya. Ta zauna a hannunta kusan shekara bakwai bayan nan. Bindiga ta kori Libiya daga Fada da Faya, ta kuma tilasta mata zuwa kotu. A kotun kuwa takardar 1955 ce ta yi aiki, da tarin ƙorafe-ƙorafen da aka ajiye tun shekarun da ba mu da ko jirgi ɗaya mai iya kai wa can.

To garin Darak na Tafkin Cadi fa? Mutanen wurin yawancinsu daga Najeriya suka zo, me ya sa aka ba Kamaru?

Wannan ta fi Awuzu ciwo a wurinmu, domin duk ɓangaren da ka juya 'yan'uwa ne. Ba kuma mamaya ce irin ta tankoki ba tun farko. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye Tafkin Cadi, masunta Hausawa da Barebari da sauransu suka bi ruwa gabas, suka kafa ƙauyuka a kan ƙasar da da take ƙarƙashin ruwa. Hukuma ta biyo mutanenta: haraji, makaranta, asibiti, 'yan sanda, daga baya sojoji, duk daga jihar Barno.

Kamaru ta kai ƙara Heg a 1994, kan Bakasi da farko, sannan ta haɗa da tafkin da dukkan iyakar. Hujjar Najeriya ita ce ta hauzi: mutanenmu ne, mu muke yi musu hidima, Kamaru ta yi shiru. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ƙi wannan hujja. Ta ce takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931 sun riga sun shata iyaka a tafkin, kuma inda akwai takarda, riƙo ba ya rinjayarta sai in mai takardar ya sallama. Da Najeriya ta fito fili ta ce Darak tata ce a wata takarda ta Afrilun 1994, Kamaru ta mayar da martani cikin kwanaki. Wannan ya isa ya nuna ba ta sallama ba.

A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30 a yankin tafkin. Bakasi ta ɗauki lokaci: Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a Greentree ran 12 ga Yuni 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙawa ran 14 ga Agusta 2008. Na san akwai masu ganin Najeriya ta yi sake. Ni ina ganin ta yi abin da babba ke yi. Ta fi Kamaru sojoji nesa ba kusa ba, in ta ce ba za ta tashi ba, ba mai ɗaga ta. Da ta zauna, da yau muna da iyaka mai zubar da jini tun daga tafki har teku, kuma Bahaushen Marwa da na Mubi su ne za su fara ɗanɗanawa.

Iyakokin nan ai Turawa ne suka zana su, su ma da ƙwace. Don me za mu tsare su?

Ba wanda ya fi mu sanin wannan. Adamawa ɗaya ce aka tsaga, Yola a can, Garwa a nan. Kogi ne kawai tsakanin Kusuri da Injamena, amma sai ka nuna takarda a gadar Ngeli kafin ka je jana'izar kawunka. Shugabannin Afirka sun san da haka lokacin da suka zauna a Alƙahira a Yulin 1964 suka ce za a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci. Tambayar da ke gabansu ita ce, in an buɗe wannan ƙofa wa zai rufe? Wace taswira za a koma wa, ta Rabe, ta Shehun Barno, ta Sarkin Wadai, ko ta Modibbo Adama? Kowane yana da zamanin da kakansa ya fi faɗin ƙasa. Somaliya ta gwada a yankin Ogaden na Habasha a 1977, Idi Amin ya gwada a yankin Kagera na Tanzaniya a 1978, ba abin da ya biyo baya sai gawarwaki.

Kuma doka ba ta ce iyaka ba ta sauyawa ba. Ta ce ba a sauya ta da bindiga. A 1961 arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi Najeriya ta hanyar ƙuri'a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Shugaban Kamaru Ahidjo ya ji zafi har ya kai ƙara Heg, kotu ta ƙi yanke hukunci a 1963, ya haƙura. Bai tura soja Mubi ba.

A aikace, me ƙasa take yi in ta ƙi amincewa?

Ƙananan abubuwa ne masu yawa, kuma da gangan ake yin kowanne. Ba ta buɗe ofishin jakadanci a yankin. Jakadanta ba ya zuwa bikin da ɗan mamaya ya shirya a can. Ba ta ƙulla yarjejeniyar da za ta shafi man wurin ko kifinsa ko ma'adinansa. Jami'an duwan ba sa karɓar kayan da aka rubuta musu sunan ƙasar mamaya alhali daga yankin suka fito. Tarayyar Turai ta hana shigo da kayan Kirimiya, yankin Ukraine da Rasha ta haɗe, tun 2014, ta kuma wajabta a bambanta kayan matsugunan Yahudawa na Gaɓar Yamma da na Isra'ila kanta. Jiragen sama masu zuwa daga ƙasashen waje ba sa sauka kai tsaye a arewacin tsibirin Saifurus, inda sojojin Turkiyya suke, sai sun bi ta Turkiyya.

Wurin da aka ajiye ofishi ma magana ce. A 1980, da Isra'ila ta kafa dokar haɗe Ƙudus, ƙuduri mai lamba 478 ya nemi ƙasashe su kwashe ofisoshinsu daga birnin. Cadi ta maido da hulɗa da Isra'ila a 2019, amma da ta tashi buɗe ofishin jakadanci a Fabrairun 2023, a Ramat Gan ta buɗe, kusa da Tel Aviv.

Talakan da ke cikin yankin fa? Aurensa da takardar haihuwar ɗansa duk sun ɓaci ke nan?

A'a, kuma an yi tunanin wannan tun da daɗewa. A 1971 Kotun Duniya ta ce zaman Afirka ta Kudu a Namibiya haramtacce ne, kada kowa ya amince da ayyukanta a can. Amma ta keɓe rajistar haihuwa da mutuwa da aure, domin watsi da su mazauna wurin zai cutar, ba ɗan mamaya ba. Wanda ya karɓi katin Libiya a Awuzu don ya samu magani, ko ya biya haraji a Darak ga wanda ya tarar yana karɓa, bai ci amanar kowa ba. Dokokin yaƙi ma sun ɗora wa ɗan mamaya nauyin ciyar da mutane da tsare lafiyarsu, sun hana shi korarsu, sun hana shi kwaso nasa mutanen ya zuba a wurin.

Duk da haka kada a ɓoye, talaka yana shan wuya. Fasfonsa ba ya wucewa a filin jirgi, takardar lakwal ɗinsa ba ta aiki a waje, amfanin gonarsa ba ya samun kasuwa. Wannan nauyi na wuyan wanda ya kawo mamayar, amma a kan talaka yake sauka.

In an yi ƙuri'ar raba gardama mutane suka zaɓi ɗan mamaya fa?

Ƙuri'ar da aka kaɗa soja na tsaye a bakin rumfa, waɗanda za su ce a'a kuma sun riga sun yi gudun hijira, ba ta da bambanci da cinikin da aka yi da wuƙa a wuya. Haka Babban Zauren ya ɗauki ta Kirimiya a Maris 2014, da ƙuri'a 100, 11 suka ƙi, 58 suka ƙaurace. Ko yarjejeniya ce aka sa hannu, dokar yarjejeniyoyi ta Biyana ta 1969 ta ce wadda aka samu da ƙarfin soja ɓatacciya ce.

Gaskiya dai, ba son kai ake yi ba? Ukraine a yi ta ihu, Falasɗinu a yi shiru.

Ana yi, kuma ba zan kare kowa ba. A takarda dokar ɗaya ce. Da Isra'ila ta shimfiɗa dokarta a kan Tuddan Golan na Siriya a 1981, Kwamitin Sulhu baki ɗaya, har da Amurka, ya ce wannan ɓatacce ne a ƙuduri mai lamba 497. Da Saddam ya ce ya haɗe Kuwaiti da Iraƙi a Agustan 1990, kusan kalmomin nan aka maimaita a ƙuduri mai lamba 662. Amma Kuwaiti an kwato ta cikin wata bakwai, Golan kuwa tana hannun Isra'ila tun 1967, kuma a Maris 2019 Amurka ta juya ta amince. A Disambar 2020 ta amince wa Maroko da Yammacin Sahara. Sannan a Oktoban 2022 ta nemi duniya ta ƙi haɗe yankuna huɗu na Ukraine da Rasha ta yi, ƙasashe 143 suka amsa. Dole mutum ya tambaya, ina wannan murya take a sauran wuraren?

Sai dai ina roƙon 'yan'uwa su lura da inda fushin ke kai su. Na sha jin ana cewa tunda an ƙyale Isra'ila, to Rasha ma ta ci rabonta. Wanda ya faɗi haka ya karɓe wa Bafalasɗine sandar da ta rage masa. Ra'ayin da Kotun Duniya ta bayar ran 19 ga Yuli 2024, cewa zaman Isra'ila a yankunan Falasɗinawa haramtacce ne kuma wajibi ne ƙasashe su ƙi amincewa da shi, a kan wannan ƙa'idar aka gina shi, ita ce kuma ta dawo mana da Awuzu. In ta karye a Donetsk ta Ukraine, ta karye a Ƙudus, ta karye a Tibesti inda Awuzu take.

Mu ma sai mu duba kanmu. A Agustan 2024 Cadi ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Dakhla, cikin Yammacin Sahara, yankin da har yau yake jerin Majalisar Ɗinkin Duniya na wuraren da ba a warware makomarsu ba. Maroko tana da hujjojinta na tarihi, kuma ƙawa ce gare mu ta fuskoki da yawa. Amma kotun da ta ba mu gaskiya a 1994 ita ce ta ce a 1975 waɗannan alaƙoƙi ba su kai mallaka ba, sai an tambayi mutanen wurin. Abin yana damuna, don in wata rana wani ya sake miƙo hannu arewacinmu, za a tuna mana.

Akwai inda ƙin amincewar ya tashi a banza?

Akwai. Indiya ta karɓe Gowa daga hannun Fotugal da soja a 1961, duniya ta ɗauke shi a matsayin ƙarshen mulkin mallaka, Fotugal ma ta sallama a 1974. Arewacin Saifurus kuwa tun 1974 sojojin Turkiyya suke can, ƙasar da aka shelanta a 1983 Turkiyya kaɗai ta amince da ita, amma tsibirin yana nan a rabe.

A ɗaya gefen akwai Istoniya da Latbiya da Lituweniya. Tarayyar Sobiyet ta haɗiye su a 1940, Amurka ta ce ba ta yarda ba, ta bar wakilansu suna aiki a ƙasarta shekara 51 alhali ba su da gwamnati a gida. Waɗanda suka fara riƙe ofisoshin sun tsufa sun mutu a baƙunta. A 1991 ƙasashen suka dawo a matsayin tsofaffin ƙasashen da aka mamaye, da sunansu da tutarsu. Timor ta Gabas ma Indunusiya ta mamaye ta a 1975, Ostareliya ta amince mata har suka raba man teku a 1989, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta cire sunan daga littafinta ba, aka yi ƙuri'a a 1999, aka samu 'yanci a 2002.

Yau Awuzu tana hannun wa?

Tana hannun Cadi, cikin lardin Tibesti, kuma tun 1994 ba gwamnatin Libiya da ta sake neman ta a hukumance, har bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Amma nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ba a gama tone su ba, suna kashe raƙuma da masu su. Tun da aka gano zinariya a Tibesti samari suke kwarara can daga ko'ina, har da yaranmu na unguwa, kuma a Mayun 2022 faɗa tsakanin masu haƙa a Kuri Bugudi, kusa da iyakar Libiya, ya ci rai wajen 100 bisa lissafin gwamnati. Man fetur da taliya da shinkafar da ake ci a can yawanci daga kudancin Libiya suke shigowa, don hanyar ta fi kusa da ta Injamena.